Yadda nake ɗinka siket ɗin tutu, hawa bayan hawa

Siket ɗin tutu na farko da na ɗinka bai tsaya ba. Kwana tara na yi a kansa, na tattara yadi har yatsuna suka yi kanta, amma da yarinyar ta saka shi ta miƙe, sai ya zube mata a cinya kamar furen da rana ta doka. Na sayi tul mai laushi ne, wato siririn yadin raga, irin wanda ya dace da dogon siket, ina so ya yi mini aikin raga mai tauri. A lokacin ban san cewa tutu iri-iri ne ba, kuma kowane iri da zamanin da ya haife shi da rawar da aka yi shi dominta. Shi ya sa, 'yar'uwa, kafin in kai ki kan keken ɗinki sai mun ɗan bi ta tarihi, domin a can ne dalilin kowane awo yake.

Tutu dai kalmar Faransanci ce, ba ta da wata alaƙa da kalmar Hausa mai irin wannan lafazi. Sunan siket ɗin raga ne da mata masu rawar bale, wato rawar Turai da ake tsayawa a kan tsinin yatsun ƙafa, ke sakawa a dandamali.

Wace rawa za a yi da shi?

Wannan ita ce tambayar da nake fara yi wa duk wadda ta kawo mini aiki, tun kafin in ɗauko tef ɗin awo.

A farkon ƙarni na 18 masu rawar bale a Faransa da manyan riguna suke rawa, masu nauyi, masu share ƙasa. Wajen 1730 Marie Camargo ta rage tsawon nata har idon sawu ya bayyana, don mutane su ga yadda take buga ƙafafunta a sama in ta yi tsalle. Bayan shekara ɗari, ranar 12 ga Maris 1832, Marie Taglioni ta fito a gidan Opera na Faris cikin rawar La Sylphide wadda mahaifinta Filippo ya tsara. Ta fito a matsayin aljanar iska, da farar riga mai kama jiki, kafaɗu a buɗe, da farin siket mara nauyi wanda ya tsaya tsakanin gwiwa da idon sawu. An tsayar da shi a nan ne don a ga tana ɗagawa ta tsaya a kan tsinin yatsunta, abin da a wancan zamani ya sa 'yan kallo suka ga kamar ba ta taka ƙasa. Daga nan dogon tutu ya kafu, kuma shi ake sakawa har yau a kashi na biyu na rawar Giselle, wadda aka fara yi a 1841.

In wannan aka ce ki ɗinka, kin huta. Tul mai laushi hawa uku zuwa biyar, a tattara a ƙugu ko a saman kwatangwalo, ya sauka zuwa tsakiyar sharaɓa. Abu ɗaya kawai zan ja kunnenki a kai: kada ki daidaita bakin siket a kan tebur. Ki sa mai rawar ta saka shi, ki auna daga ƙasa zuwa sama ki zagaye ta kina sa fil, domin bayan mace yana ɗauke yadi fiye da gabanta.

In kika duba zanen Edgar Degas na shekarun 1870 za ki ga siket ɗin ya hau zuwa gwiwa, ya buɗe kamar ƙararrawa, da ƙyalle mai launi ɗaure a ƙugu. Ina yawan komawa ga waɗannan zanuka in ina son ganin yadda haske ke ratsa hawa-hawan yadi. Shi Degas ɗin ma, da ya nuna mutum-mutuminsa na ƙaramar 'yar rawa a 1881, siket na yadin gaske ya ɗaura masa.

Abin da ya ƙara ɗaga siket ɗin sama shi ne 'yan rawar Italiya da suka je St. Petersburg a Rasha. Virginia Zucchi ta isa can a 1885, sannan Pierina Legnani, wadda a 1895 ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya cikin rawar Swan Lake a gidan rawa na Mariinsky. Mai irin wannan juyi ba za ta yarda yadi ya naɗe mata gwiwa ba, su ma 'yan kallo ƙafar gaba ɗaya suke son gani. Sai siket ya haura gwiwa. Amma ki lura da hotunan wancan lokaci, har yanzu yana ɗan sunkuyowa ƙasa. Wanda ya miƙe sambal kamar faifai, wanda kowa ke kawowa a ransa yau in an ce bale, a ƙarni na 20 ya kammala siffarsa, da taimakon zoben waya a ciki, daga baya kuma ragar nailan. Kafin nailan da talatan ake yi, wato yadin auduga mai sara-sara da aka sa wa sitaci, wanda gumi da laima ke sa shi ya yi laƙwas.

Na ƙarshe shi ne na Barbara Karinska, 'yar asalin birnin Kharkiv na Yukren da ta yi wa mai tsara rawa George Balanchine ɗinki a Niyok. Balanchine yana son tara mata da yawa a dandamali suna gudu kusa da juna. Faifan sai su riƙa karo, kuma in mai rawa ta tsaya cak, zoben wayar ya ci gaba da rawa shi kaɗai. A 1950, don rawar Symphony in C, Karinska ta cire zoben, ta gajarta siket ɗin, ta bar hawa shida ko bakwai da aka ɗaure sako-sako. Ya fito tamkar audugar shafa hoda, kuma sunan da ake kiransa da shi ke nan. A wurina babu wanda ya fahimci jikin mai rawa a cikin masu ɗinkin wannan sana'a kamar matar nan, kuma za ki sake jin sunanta in mun zo kan riga.

Mai faifai zan koya miki, don shi ne mai wuya. Wadda ta iya shi, sauran ragi ne kawai.

Yadi

Ki nemi ragar nailan mai tauri, mai ƙananan idanu, wadda in kin dunƙule ta a hannu kika sake za ta buɗe da kanta. Wadda ta zauna a dunƙule ki bar ta. Ina sayen mita goma zuwa goma sha biyu na mai faɗi don babbar mace. Tul mai laushi kuma mita biyu ya isa, na hawan sama da na kusa da cinya. Sunan tul daga garin Tulle na Faransa ya samo asali, amma abin da ya sa ya wadata shi ne injin saƙar raga da John Heathcoat ya ƙera a Ingila wajen 1809. Kafin nan da hannu ake saƙa irinsa.

Ban taɓa riƙe wannan yadi ban tuna da Emma Livry ba. Ɗalibar Taglioni ce, kuma ana ganin ita za ta gaje ta. A zamaninta da fitilun gas ake haska dandamali, harshen wuta a buɗe dab da ƙafafun masu rawa. An fito da wani magani da ake jiƙa yadi da shi don kada ya kama wuta, amma yana sa shi ya yi tauri ya dushe, sai ta ƙi, har ta sa hannu a takarda cewa ta ɗauki alhakin abin da zai biyo baya. A watan Nuwamba 1862, ana gwajin wasa a Faris, siket ɗinta ya taɓa fitila. Ta yi wata takwas tana jinyar ƙuna, ta rasu a Yulin 1863 tana da shekara 20. Yau babu fitilar gas, amma nailan narkewa yake yi ya manne a fata. Kada ki bari a kawo kyandir ko fitila mai zafi kusa da tutu, kuma ki faɗa wa mai sakawa haka da bakinki.

Awo da gindin aiki

Ki auna ƙirji, ƙugu, saman kwatangwalo, mazaunai, tsawon baya daga wuya zuwa ƙugu, sannan daga ƙugu ta gaba ki bi ta tsakanin ƙafafu zuwa ƙugu ta baya. Ki auna ta tana tsaye irin tsayuwar rawa, ciki a ɗage, don tsayuwar hira daban take.

Ga abin da yawancin masu koyo ke kuskurewa: faifan ba a ƙugu yake zama ba. A kan kwatangwalo yake, wajen santimita 8 zuwa 10 ƙasa da ƙugu. Tsakanin ƙugu da nan akwai wata faffaɗar ɗamara mai kama jiki da Faransawa ke kira bask. Ita ke ɗauke da nauyin siket, ita ke bar wa abokin rawa wurin da zai riƙe in zai juya ta ko ya ɗaga ta. Ki yanka ta gida-gida yadda za ta bi lanƙwasar jiki, ki yi mata shafi da yadin auduga mai ƙarfi wanda ba ya miƙewa, ki sa mata siririn ƙyalle mai tauri a ƙugu. In bask ya yi sako-sako, duk ƙoƙarin da za ki yi a raga ya tashi a banza, faifan zai riƙa karkacewa.

Ƙarƙashin bask sai kamfai, kuma a jikinsa ake ɗinka dukkan hawan ragar. Ki yi shi da raga mai ƙarfi ninki biyu. Kada ki haɗe shi tukuna. Ki bar bayansa da ƙasansa a buɗe ya kwanta shimfiɗe a tebur, ki zana layuka goma sha biyu da alli, tazarar santimita 1 zuwa 1.5 tsakaninsu, suna bin lanƙwasar cinya yayin da suke sauka.

Yanka da tattara

Ni hawa goma sha biyu nake yi. Na sama faɗinsa santimita 38, kowane na ƙasa da shi in rage 3: 35, 32, 29, haka har na ƙarshe ya tsaya a 5. In mai rawar gajeriya ce ki fara daga 33, ki kuma riƙa rage ƙasa da 3 don na ƙarshe ya tsaya wajen 5. Hanyar da nake tabbatarwa ita ce in sa ta sauke hannuwanta a ɗan buɗe, bakin faifan ya zo daidai yatsunta. In ya wuce nan zai haɗiye ta, kuma abokin rawarta ba zai iya matsowa ba.

Tsawon kowane hawa na sama ya kai ninki biyar na zagayen kwatangwalonta, na ƙasa kuma ninki uku ya wadatar. Da kin yanka hawa, ki maƙala masa takarda mai lamba nan take. Farar raga ce duka, in suka cakuɗe a tebur sai kin sake auna su ɗaya bayan ɗaya. Bakin kowane hawa ki yanka shi haƙori-haƙori ko baka-baka. Yana cin lokaci, amma miƙaƙƙen baki yana sa gefen faifai ya yi kaifi a ido, yankakken kuwa sai ya narke cikin haske.

Kafin ki tattara hawa na huɗu, wato mai 29, ki ɗinka masa gidan zobe: wani siririn ƙyallen raga da za ki shimfiɗa a kansa, ki bi gefe biyu da ɗinki, ya zama kamar gidan mazagi. Ki sa shi wajen kashi biyu cikin uku na faɗin, daga jiki zuwa baki. Na taɓa mantawa da wannan sai bayan na haɗa komai, kuma da hannu na ɗinka shi a tsakanin raga, yini guda cur.

Wajen tattara ina shimfiɗa zare mai kauri a gefen ragar in bi ta kansa da ɗinkin zigzag, sannan in ja. Zaren keke na yau da kullum tsinkewa yake yi a tsakiyar mita biyar. Ki raba kowane hawa gida huɗu da fil, ki raba layin kamfai gida huɗu, ki haɗa alama da alama, don kada tattarar ta taru a gefe ɗaya.

Ɗorawa

Ki fara da mafi faɗi, a layin sama, bakinsa yana kallon sama wajen ƙugu. Na biyu ki ɗora shi a layin da ke ƙasa, shi ma yana kallon sama, ya kwanta a kan na farko. Haka za ki yi ta saukowa. Dalili biyu ne. Layin da za ki ɗinka na gaba kullum a fili yake, babu abin da ya rufe shi. Sannan ragar da aka ɗinka tana kallon sama, in aka danno ta ƙasa, turjewa take yi, kuma wannan turjiyar ce ke miƙar da faifai. Hawa biyu na ƙarshe, na kusa da cinya, da tul mai laushi nake yinsu, don raga mai tauri tana goge fata har ta yi ja.

Daga hawa na shida abin zai zama dambe. Ragar za ta cika kan keke, ta tokare miki fuska, ta karce miki hannu. Ki sa riga mai dogon hannu, ki naɗe abin da kika gama ki ɗaure da ƙyalle, ki tafi a hankali. In kin gama ki haɗe bayan kamfai, ki bar wajen santimita 15 a buɗe daga sama don shiga, ki haɗe ƙasansa, ki sa roba a ƙafafu, sannan ki haɗa shi da bask.

A wannan mataki abin da ke gabanki ƙwallon raga ne, babu alamar faifai. Kada gabanki ya faɗi, haka yake yi wa kowa. Ki kife shi a tebur, ki bi hawa-hawa da tururi kina lallashinsa da tafin hannu. Dutsen guga kada ya taɓa ragar ko kaɗan. Ki ɗora masa littattafai masu nauyi ya kwana.

Washegari ki zura zoben. Wayar ƙarfe ce siririya mai faɗi wadda aka lulluɓe, akwai kuma ta roba. In ya yi gajere siket zai lanƙwashe kamar kwano, in ya yi tsawo zai yi tudu da kwari. Ki riƙa zurawa kina dubawa har ya kwanta lif, sannan ki bar bakin biyu su hau juna da kamar santimita 10, ki naɗe su da kyau don kada tsini ya huda yadi.

Sai ɗauri, kuma nan ne hannun mai ɗinki ke nunawa. Da doguwar allura da zare mai ƙarfi za ki riƙa ratsa hawa uku ko huɗu lokaci guda kina ƙullawa, ki zagaye siket ɗin, sannan ki ɗauki rukuni na gaba ki haɗa da hawa ɗaya daga na baya don duka su zama jiki ɗaya. Kowane ƙulli ki bar masa sarari da ɗan yatsa zai shiga. In kika matse, faifan zai zama katako, ya daina numfashi tare da mai rawa. In irin na Karinska kike so, nan ne za ki ƙara sassautawa, ki kuma bar zoben gaba ɗaya.

Ado da riga

Hawan ado na sama daban nake ɗinka shi, in gama masa duwatsu da zare mai walƙiya a tebur, sannan in maƙala shi da ɗinkin hannu yadda za a iya cire shi. Ki ja baya taku goma ki kalle shi kafin ki ƙara komai, don daga nesa za a gan shi, ƙananan ado ɓacewa suke yi. Nauyi kuma ki tara shi kusa da jiki, in ya yi yawa a baki zai ja faifan ƙasa.

Gefen ƙugu dama da hagu kada ki sa dutse ko wani abu mai kaifi. Na taɓa jera duwatsu a nan don sun yi mini kyau, a gwajin farko suka yanki tafin hannun saurayin da ke juya ta. Jinin ya taɓa farin satin. Har yau in na tuna raina ba ya daɗi, kuma tun daga ranar faɗin tafin hannu nake bari fili a kowane gefe.

Rigar sama gida takwas zuwa goma sha biyu nake yanka ta, da shafi mai ƙarfi da siraran sanduna a cikin ɗinkunan don ta tsaya. Gidajen gaba da na baya ki yanka su bisa tsayin zaren yadi, na gefe kuma ki yanka su a karkace. Wannan dabarar Karinska ce: yadin da aka yanka a karkace yana ɗan miƙewa, sai haƙarƙarin mai rawa ya sami wurin buɗewa in tana haki, rigar kuma ba ta saki jiki ba. Wadda ta yi minti biyar tana tsalle ta san darajar wannan.

Zif ba ya shiga wannan aiki. In ya fashe ana dab da fita babu gyara. Ƙugiyoyi ake sawa a baya, kuma ina jera wurin maƙala su layi biyu ko uku don wata mai rawar ma ta iya sakawa, tunda tutu mai kyau yana shekaru yana yawo daga jiki zuwa jiki. Rigar da bask ki haɗa su da gajerun robobi ta ciki, kada ki ɗinke su kam. In ta ɗaga hannu rigar ta bi ta, faifan ya zauna inda yake. Robar kafaɗa kuma ki rina ta daidai launin fatar mai sakawa. Ana yawan sayar da ita da launi ɗaya mai haske, kuma a kafaɗar baƙar mace fitowa take yi ɓaro-ɓaro ta raba layin wuya da hannu.

Ranar gwaji kada ki yarda ta tsaya gaban madubi kawai. Ta ɗaga hannu, ta lanƙwasa baya, ta ɗaga ƙafa ta baya, ta yi juyi, a ɗaga ta sama. Ke kuma ki durƙusa ki kalli faifan ta gefe, ki ga ko ya yi daidai da ƙasa. In bayan ya ɗaga, ki sauke layin bask ta baya kaɗan.

Ajiya

Ba a jefa tutu cikin ruwa gaba ɗaya. Kamfan kaɗai ake wankewa da hannu, a riƙe ragar sama kada ta jiƙe. Cikin rigar ina fesa masa sifirit da aka sirka da ruwa bayan kowane wasa, in bar shi ya sha iska, amma ki fara gwadawa a wani ɓoyayyen wuri don wani rini yana zuba. Wajen ajiya ko dai ki kwantar da shi a shimfiɗe cikin jaka mai zagaye, ko ki rataye shi a kife, kamfai a sama, don nauyinsa ya riƙa jan ragar zuwa inda aka ɗinka ta. In kika rataye shi yadda ake saka shi, cikin 'yan watanni zai sunkuya. Bayan wasa uku ko huɗu ki kife shi a tebur ki bi ƙullin nan ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, wanda ya tsinke ki mayar da shi kafin na kusa da shi ya bi sahu.